Faya-fayan rok na jihohin kudun Amurka da suka ɓace daga kasuwa sun cancanci a neme su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani kiɗa da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, wato kiɗan rok na jihohin kudun ƙasar Amurka, irin su Jojiya da Fulorida da Alabama, wanda ya yi tashe daga 1969 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya fi damuna a cikinsa shi ne faya-fayan garmahonsa waɗanda kamfanoni suka daina bugawa tun da daɗewa, har ya zama ba a samun su sai a hannun ɗaiɗaikun mutane ko a ƙasan akwatin wani dattijo. Na san akwai mai karatun da zai tambayi abin da ya haɗa mutumin Adar da gitar mutanen Jojiya, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa, shi ya sa nake roƙon a yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Wanda ya taɓa jin labarin wannan kiɗa a ƙasarmu Nijar, galibi abu biyu ya sani, sunan ƙungiyar Lynyrd Skynyrd, da hoton samari fararen fata masu dogon gashi tsaye gaban tutar jihohin da suka yi yaƙi tsakanin 1861 da 1865 don kada a hana su riƙe bayi. Duk ɗan Afirka da ya ga wannan tuta ya kau da kai yana da hujjarsa, ni ma ba zan kare ta ba. Amma wannan hoto rabin labari ne, kuma ɗayan rabin, wanda ya fi daɗin ji ya kuma fi kusa da mu, yana cikin faya-fayan nan da suka fita daga kasuwa. Ƴan waƙoƙin da gidajen rediyon Amurka suke maimaitawa shekara da shekaru su ne suka tsira, su ne kuma suka zama fuskar kiɗan gaba ɗaya, alhali kuwa wanda ya juya bayan kwalin tsofaffin faya-fayan ya karanta sunayen makaɗa zai tarar da baƙaƙe da farare a ɗaki ɗaya suna aiki tare, shekara biyar kacal bayan dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a.

Labarin ya faro ne daga Macon, wani matsakaicin gari a jihar Jojiya, inda aka haifi Little Richard, inda kuma Otis Redding ya girma. Manajan Otis Redding wani saurayi ne farar fata mai suna Phil Walden, wanda tun yana ɗalibi yake nema wa mawaƙa baƙaƙe wuraren wasa. Da Otis ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na 1967, sai Walden ya shiga neman abin da zai riƙe, kuma a 1969 ya kafa kamfanin Capricorn a can Macon. Mutumin da ya ɗora kamfanin a kansa shi ne Duane Allman, makaɗin gitar da a lokacin yake neman abinci a ɗakin ɗaukar sauti na FAME da ke Muscle Shoals a Alabama, yana kaɗa wa manyan mawaƙa baƙaƙe irin su Wilson Pickett da Aretha Franklin. Mutum na farko da Duane ya ɗauka cikin sabuwar ƙungiyarsa shi ne Jaimoe, baƙar fata ɗan jihar Misisipi, wanda ya taɓa buga wa Otis Redding ganga, kuma shi ne ya riƙa sa abokan aikinsa sauraren Miles Davis da John Coltrane. Ƙungiyar Allman Brothers ke nan, mutum shida, biyu a kan gitar, biyu a kan ganguna, ɗaya a kan bas, sai ƙanen Duane, wato Gregg, a kan ogan da rera waƙa. Lokacin da aljihunsu babu komai, wata baƙar mace mai gidan abinci a garin, Mama Louise Hudson, ita ce ta riƙa ciyar da su bashi har Allah ya buɗa musu. Bayan sun yi suna kuma, su da Walden suka riƙa yin wasanni suna tara wa tsohon gwamnan jiharsu, Jimmy Carter, kuɗin neman shugabancin ƙasa na zaɓen 1976, mutumin da daga baya ƙauyukanmu suka san sunansa ta hanyar yaƙi da kurkunu.

Kunnen da ya saba da kiɗanmu ba zai sha wahala da nasu ba. Duane yakan zura yatsa cikin wata ƴar kwalbar magani ya riƙa jan ta a kan tsirkiya maimakon ya danne tsirkiyar a wuri guda, sai muryar gitar ta riƙa zamewa daga sauti zuwa sauti tana kuka kamar goge a hannun gwani. Shi da Dickey Betts, ɗayan mai gitar, sukan ɗauki zubi ɗaya tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sa'an nan su rabu, wannan ya faɗa wancan ya amsa. Ganguna biyun ma ba abu ɗaya suke bugawa ba, domin Butch Trucks yana riƙe da tafiyar kiɗan, Jaimoe kuwa yana yi mata ado ta gefe. Ba sa gaggawa. A faifan da suka ɗauka gaban jama'a a zauren Fillmore East na New York a watan Maris na 1971, waƙa guda ta cinye fuskar faifai ɗungum, fiye da minti 22. Ba abin mamaki ba ne idan mun ji wani abu namu a ciki, tunda tushensa kiɗan buluz ne na jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, kuma masana sun daɗe da danganta banjo, wadda ta shiga kiɗan karkarar kudu, da dangin molo da gurmi na wannan yanki namu.

Wancan faifai na Fillmore ba ya cikin waɗanda nake kuka a kansu, domin ana samun sa ko'ina. Kukana a kan ƙananan ne, kuma yadda faifai yake ɓacewa abu ne da ya kamata a fahimta, saboda mutane da yawa suna zaton duk abin da kasuwa ta yar, rashin kyau ne ya sa aka yar da shi. A wancan zamani kamfani yakan buga adadin da yake tsammanin zai sayar, idan watanni suka wuce bai ƙare ba sai masu kantuna su mayar masa da ragowar, shi kuma ya huda kwalin ko ya yanke masa kusurwa ya sayar da shi a wulaƙance, kuma a irin wannan ciniki mawaƙi ba ya samun ko dala. Daga nan an share sunan faifan daga jerin kayan kamfani. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara dagula lamarin, tunda robar da ake yin faifai da ita daga fetur take fitowa, sai kamfanoni suka rage wa faifai kauri, suka riƙa narka waɗanda ba a sayar ba don buga sababbi, suka kuma fifita mawaƙan da suka tabbata za su kawo kuɗi. Ga kuma mutuwa da ta yi ta ɗauki ɗai ɗai. Duane Allman ya rasu a haɗarin babur a Macon ranar 29 ga Oktoba 1971 yana da shekara 24, mai bas ɗinsu Berry Oakley ya bi shi ta hanyar babur shi ma bayan shekara guda, kusa da wurin da na farko ya faɗi, sa'an nan ranar 20 ga Oktoba 1977 jirgin Lynyrd Skynyrd ya faɗi a Misisipi, mawaƙinsu Ronnie Van Zant da Steve Gaines da Cassie Gaines suna cikin waɗanda suka rasu. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru hankalin matasan Amurka ya koma ga disko da sababbin salo, bashi ya yi wa Capricorn katutu, kuma a 1979 kamfanin ya karye.

Karyewar kamfanin waƙa ta fi ta kantin tufafi muni, domin dukiyarsa ta gaskiya ita ce zaren asali da aka ɗauki kiɗan a kansa, wanda daga gare shi ne ake buga kowane faifai. Akasarin zaren Capricorn ya koma hannun PolyGram, kamfanin da yake bin sa bashi, shi ma a ƙarshen shekarun 1990 aka haɗe shi cikin Universal. Da zamanin faifan CD ya zo a shekarun 1980, manyan sunaye aka fara sake bugawa, ƙanana kuwa suka yi ta jira, wasu shekara goma, wasu ashirin, wasu sai da wani ƙaramin kamfani ya nemi izini ya buga kaɗan, suka sake ƙarewa. Mai haƙƙin mallaka ba ya ganin riba a cikinsu, mai ƙaunarsu kuma ba shi da ikon bugawa. Zaren ma ba ya dawwama, domin irin wanda aka yi amfani da shi a shekarun 1970 yana shan raɓa ya yi danƙo, har sai an gasa shi a hankali kafin ya yarda a juya shi. A ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta ci wani ɗakin ajiya na Universal a Hollywood, kuma a 2019 mujallar jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa zaren asali masu ɗimbin yawa sun ƙone a ciki, ko da yake kamfanin ya ce asarar ba ta kai yadda aka faɗa ba. Ko ma yaya girman asarar yake, ta nuna cewa wani lokaci tsohon faifan da yake hannun talaka shi ne shaidar da ta rage.

Idan aka ce in zaɓi faifai ɗaya da zai tabbatar da maganata, na Johnny Jenkins zan ɗauka, mai suna Ton-Ton Macoute!, na shekarar 1970. Jenkins baƙar fata ne ɗan Macon, bahago, yana riƙe gitar a juye, kuma a farkon shekarun 1960 shi ne tauraron garin, har Otis Redding yana cikin ƙungiyarsa yana rera waƙa yana kuma tuƙa musu mota. A 1962 Otis ya kai shi Memphis domin ya ɗauki kiɗa a kamfanin Stax, da lokaci ya ɗan rage aka bai wa direban dama ya rera, kuma daga wannan rana tauraron Otis ya haska, Jenkins kuwa ya koma gida. Faifan 1970 an fara shi ne a matsayin aikin Duane Allman shi kaɗai, da ya kafa ƙungiya ya bar shi, sai aka ɗora muryar Jenkins a kai aka ƙarasa, shi ya sa ake jin Duane da Oakley da Jaimoe da Trucks a ciki. Ga mutanen da duniya ta ɗauka su ne uwayen wannan kiɗa na farare, suna zaune bayan wani baƙar fata suna yi masa rakiya. Muryar Jenkins tana da kaushi da natsuwa, gangunan suna da nauyi, ba a cika wurin da hayaniya ba, kuma duk wanda ya saurare shi da dare da kunnen basira zai ji inda buluz ya tsaya da inda rok ya tashi, ya kuma ji cewa babu katanga tsakaninsu. Faifan bai yi ciniki ba, Jenkins ya ja jiki daga harkar, kuma bai sake fitar da wani ba sai 1996, shekara 26 ke nan. A tsakanin nan, a 1993, mawaƙin Amurka Beck ya tsinci bugun gangar waƙar farko ta faifan ya gina wata waƙa a kai wadda ta zagaya duniya, miliyoyin mutane suka ji wannan ganga ba tare da sun san ta ɗakin wa ta fito ba. Jenkins ya rasu a 2006, a shekarar da Phil Walden ya rasu.

Ƙungiyar Wet Willie ta garin Mobile a Alabama ita ce ta fi kowa kusa da kiɗan Otis Redding, mawaƙinta Jimmy Hall yana busa saksafon da amonika, ga mata ƴan amshi irin na coci a bayansa. Waƙa ɗaya tasu ta 1974 ta shahara, sauran aikinsu kuwa, har da wanda suka ɗauka gaban jama'a a New Orleans, ya zama na masu tono. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne kwalin faifan da waƙar nan ta 1974 take ciki, domin hoton da suka sa a kai na Pearly Brown ne, wani baƙar fata makaho mai wa'azi da yake yawo a titunan Macon da gitarsa yana rera waƙoƙin addini, wanda samarin garin suka tashi suna gani suna koyi da shi. Wanda ya sami waƙar a waya ba zai taɓa sanin wannan girmamawa ba. Sai kuma ƙungiyar Cowboy ta Scott Boyer da Tommy Talton, masu sanyin kiɗa da haɗa murya, waɗanda Duane da kansa ya kai gaban Walden. A faifansu na 1971 ya kaɗa musu a wata waƙa ƴan watanni kafin rasuwarsa, kuma a 1974 Eric Clapton ya sake rera wannan waƙa, jama'a suka san ta a bakinsa suka manta da masu ita. A ganina ta asalin ta fi, domin babu ƙoƙarin burgewa a cikinta.

Akwai Grinderswitch, wadda Joe Dan Petty, ɗaya daga cikin masu ɗaukar wa Allman Brothers kaya, ya kafa, kuma wani kiɗa nasu ya yi shekaru yana buɗe shirin John Peel a gidan rediyon BBC, ƴan Ingila suna jin sa kullum alhali faya-fayan ƙungiyar suna ƙarewa a kasuwa. Akwai Sea Level, wadda Jaimoe da mai fiyano Chuck Leavell da mai bas Lamar Williams, shi ma baƙar fata ɗan Misisipi, suka kafa bayan wargajewar Allman Brothers a 1976, suka karkata zuwa jaz, kuma faifansu na farko na 1977 yana cikin mafi tsabtar kiɗan da ya fito daga Macon. Akwai Blackfoot ta Jacksonville, wadda yawancin mutanenta jinin Indiyawan daji ne, wato mutanen ƙasar na asali, wadda faya-fayanta biyu na farko na 1975 da 1976 suka wuce ba a kula ba. Akwai Mose Jones ta Atlanta, wadda ta fito a 1973 ƙarƙashin tambari ɗaya da Lynyrd Skynyrd, a hannun mutum ɗaya, Al Kooper, ɗaya ta cika duniya ɗaya kuma sai mai bincike.

Ba ina cewa duk abin da ya yi wuyar samu yana da daraja ba. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni sun ɗebo ƙungiyoyi da yawa masu gitar uku da hular makiyaya, suna kwaikwayon abin da ya riga ya yi ciniki, babu buluz a jikinsu sai ƙara, kuma waɗannan idan sun ɓace ba a yi asara mai yawa ba. Haka nan kalmomin waƙoƙi da dama na wannan kiɗa yabon giya ne da faɗa da yawon banza, abin da bai dace da tarbiyyarmu ba, kuma ba na ba wa kowane uba shawarar ya sa wa ƴaƴansa su ba tare da ya tace ba. Ina kuma da ja da irin masu tara faifai da suke auna shi da kuɗi kawai. Misali, faifan Lynyrd Skynyrd da ya fito kwana uku kafin faɗuwar jirginsu yana ɗauke da hotonsu tsaye cikin harshen wuta, bayan haɗarin kamfanin ya janye wannan kwali ya sa baƙi a madadinsa, sai masu tarawa suka shiga farautar na farkon. Kiɗan da yake ciki ɗaya ne, abin da ake saye shi ne alamar baƙin cikin wasu iyalai, kuma wannan ba shi ne ƙaunar kiɗa ba. Faifan da aka rufe a leda aka hana allura taɓa shi don kada farashinsa ya faɗi, shi ma ya ɓace, ko da yana cikin gida.

Waɗannan faya-fayai sun shigo ƙasarmu, ko da ba da yawa ba. Matasan Amurka masu aikin sa kai na Peace Corps sun zauna a garuruwanmu da ƙauyukanmu daga 1962 har zuwa 2011, da yawansu kuma idan za su koma gida sukan bar kaset da faifai ga abokan zama. Ɗalibanmu da suka yi karatu a waje sun dawo da wasu, Turawan da suka yi aiki a Yamai da Arlit sun bar wasu, fatake masu zuwa Kano da Legas sun kawo wasu. Ni kaina ta hannun wani malami ɗan Amurka da muka koyar tare a makaranta na fara jin su, ya bar mini kwali guda da zai tafi, kuma sunayen da na karanta a bayan waɗannan faya-fayai su ne suka ja ni daga wannan makaɗi zuwa wancan har na gane yadda suke da dangantaka. Wannan shi ne abin da zamanin katin waya ya raba mu da shi. Yau yaro yakan je kasuwa a zuba masa waƙoƙi ɗaruruwa a kati, babu sunan mai ganga, babu shekara, babu garin da aka ɗauka, wani lokaci ko sunan mawaƙin babu sai lamba. A intanet ma, abin da wani mai son kiɗa ya ɗora yau, gobe mai haƙƙin mallaka yana iya sa a sauke shi ba tare da shi ya fitar da nasa ba.

A nan ne maganar ta dawo gida, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Idan ƙasa mai arzikin Amurka, mai kamfanoni da ɗakunan ajiya masu sanyi, ta iya barin aikin Johnny Jenkins ya kwanta shekara da shekaru, ina ga namu? A nan Tawa muna da ƙungiyar Azna de l'Ader ta makaɗin gitar nan Mona, wadda tun shekarun 1970 take kaɗa rok mai zafi a kan zubin kiɗan Adar, kuma sai da wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya tattara tsofaffin abubuwan da aka ɗauka nata ya fitar kafin duniya ta ji ta. Kamfanin nan ne kuma a 2013 ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani mai ogan, wanda aka ɗauka a gidan rediyon ƙasa a 1978 aka buga kaɗan, alhali ƴan ƙasa sun yi shekaru suna jin kiɗan a rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba. Hanyar ma ba ta tsaya gefe ɗaya ba, tunda faifan Bombino na Agadas da ya fito a 2013 a Nashville ta jihar Tenesi aka ɗauke shi, kuma Mdou Moctar, ɗan jiharmu, bahago kamar Jenkins, yau yana cika zaurukan Amurka da gitarsa. Saurayin da yake koyon gitar a Tawa ko Abalak yana da haƙƙin ya san cewa akwai waɗanda suka riga shi bin wannan hanya a wata nahiya, ya ji yadda suka haɗa gitar biyu ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba, da yadda suka ba wa mai ganga fili.

Ga wanda yake da irin waɗannan faya-fayai a gida, yanayinmu shi ne babban abokin gabansu. Zafin Afrilu da Mayu yana lanƙwasa faifai idan an bar shi a ɗakin kwano ko kusa da taga, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. A jera su a tsaye, kada a ɗora su kwance wani kan wani, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, domin gara kwalin take fara ci, kwalin kuwa shi ne mai ɗauke da sunayen. Ƙurar hunturu tana shiga layukan faifai, idan aka ɗora allura a kai haka nan sai ta riƙa goge shi, saboda haka a wanke shi da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen layukan, a bar shi ya bushe a inuwa, a kuma kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Tsohuwar allura ta fi ƙura ɓarna. Kaset kuma a nisanta shi da lasifika da duk abin da yake da maganaɗisu. Wanda ya sami hanyar juye kiɗan zuwa kwamfuta ya yi, amma ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya, ya rubuta sunan kowane makaɗi da shekarar bugawa tare da abin da ya juye, kuma kada ya yar da faifan bayan ya gama.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarku ta ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata ne, inda masu karatu za su riƙa rubuto abin da suke da shi na tsofaffin faya-fayai da kaset, na waje da na gida, da sunayen da suke jikin kwalin da yadda abin ya zo hannunsu. Ina kuma kira ga gidajen rediyo masu zaman kansu na Tawa da Yamai su ba wa irin wannan kiɗa awa guda, mai gabatarwa ya riƙa faɗin wanda ya kaɗa me da inda aka ɗauka kafin ya sa waƙa. Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da gidan tarihi na Boubou Hama da suke Yamai wurare ne da suka dace a tuntuɓa a ji ko za su karɓi abin da magada ba sa so, maimakon ya ƙare a bola ko yara su mayar da shi abin wasa. Ni ina da garmaho mai aiki da allura mai kyau, kuma duk wanda yake da faifai a Tawa da kewaye amma ba shi da abin juya shi, yana iya aiko da saƙo ta hannun jaridarku, mu zauna mu saurare shi tare, mu rubuta abin da yake jikinsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
daga Tawa, Jamhuriyar Nijar.